Hannun Riga a Bakin Inji

Basharu ɗan masassaƙa ne. A gidansu da ke Gwandu, tun daga kakansa har zuwa kan mahaifinsa Malam Tambari, ba a san wata sana'a ba sai sassaƙar turmi da taɓarya da akushi. Da gizago ya buɗi ido. Amma da ya ba shekara ashirin baya sai ya bi wata motar katako zuwa Sakkwato, ya yi shekara huɗu a hannun wani tsohon kafinta mutumin Bida, a can ya koyi aiki da injin murza itace. Inji ne da ake ɗaure guntun itace tsakanin ƙarfe biyu, ya riƙa juyawa da gudu, mai aiki ya kanga masa kaifin kurfi, wato ƙarfen fafe itace, itacen ya yi ta zubar da ɓawo har ya fito sumul, da wuya da gwiwa da duk irin adon da ake so.

Tsohon nan ba ya wasa da doka. Ba a tsayawa gaban injinsa da riga mai hannu, ko rawani, ko laya rataye a wuya. Ba a naɗa tsumma a yatsu don goge itace yana juyawa. Kafin a tayar sai an duba itacen ko yana da tsaga, an juya shi da hannu sau ɗaya an ga bai taɓa komai ba. Babbar dokarsa kuwa ita ce kada mutum ya yi aiki shi kaɗai, sai da wani a kusa da makashin inji. Basharu ya riƙe su duka, har shi ke tuna wa abokan aikinsa in sun manta.

Da ya dawo gida da wani tsohon inji da ya samu, Malam Tambari ya dubi ƙarafan nan a tsakar gida, bai ko taɓa su ba. Ya ce shi bai san sassaƙar da mutum zai tsaya itace ya riƙa gudu ba. Bai hana shi ba, bai kuma sa albarka da baki ba. A Gwandu ma babu abin da zai ja injin. Sai Basharu ya ji labarin wani Lawali a Kalgo mai injin niƙa, wanda injinsa na baƙin mai yake da ƙarfin da ya fi aikinsa. Suka shirya. Aka kafa rumfar kwano a jikin ɗakin ƙasar da injin yake, aka huda bango, aka zuro dogon bel ta ramin ya zo ya kama wilin injin murza itacen. In Basharu yana so a tsaya sai ya ja wata igiya, gwangwani mai tsakuwa ya yi ƙara a bisa kan Lawali, shi kuma ya kashe.

Kalgo a bakin hanya take, kafintocin Birnin Kebbi da na Jega suka gano shi. Lokacin mutane sun fara son gadon katako da kujeru masu ƙafa a murɗe. Ya ɗauko matarsa Hassana da 'yarsu Jummai, suka kama gida a bayan kasuwa. Shekara uku yana aiki, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Da singileti yake tsayawa, rigarsa a ninke cikin akwati.

Wata Juma'a cikin bazarar 1976, rana ta take tsaka, kwanon rumfa har ƙara yake yi don zafi. Basharu ya yi wanka a gida, ya sa babbar rigarsa shuɗiya da aka karɓo daga mabuga jiya, ya kama hanyar masallaci. Biyowa kawai ya yi ta rumfa don ya kulle akwatin kayan aiki. Akwai ƙafafun gado huɗu na maɗaci da wani kafinta zai zo ɗauka in an sauko daga masallaci, uku suna jingine, ta huɗun tana kan inji. Da zai wuce sai ya shafa ta, yatsansa ya ji ɗan kaushi a wuyanta, inda samfefa ba ta ci sosai ba. Mai kayan ba zai ma lura ba. Shi ne dai ya ji, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ya leƙa ɗakin inji, Lawali ya riga ya tafi. Rumfunan da ke kusa duk an rufe. Ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. In zai cire rigar sai ya cire hula, ya ninke ta, ya nemi inda garin katako ba zai ɓata ta ba, ya sake sawa, ga lokaci yana tafiya. Aikin kuwa gugar numfashi biyu ce. Ya shiga ɗakin, ya sa hannun tayarwa ya murɗa, inji ya ɗauka. Ya zagayo rumfa, ya ɗage hannayen rigar ya aza su bisa kafaɗa kamar yadda kowa ke yi, ya ɗauki samfefa ya sunkuya.

Rigar sabuwar bugu ce, santsi gare ta. Hannun rigar na dama ya zame.

Bai ga lokacin da itacen ya kama ba. Ji kawai ya yi an fizge shi gaba, ƙirjinsa ya daki ƙarfen da ake ɗora kurfi, hularsa ta faɗi can. Yadin ya nannaɗe a jikin itacen ya tafi da hannunsa ƙarƙashi, ya ji wani abu ya ɓalle a cikin damtsensa da ƙasan gwiwar hannu, ƙarar da a jikinsa ya ji ta ba a kunne ba. Sai itacen ya tsaya. Yadin ya taru ya cushe tsakanin itacen da ƙarfen, bel ya kasa ja, ya shiga zamewa a kan wili yana wani irin kuka. Makonni ke nan Lawali yana cewa zai ɗaure bel ɗin don ya yi sako-sako, bai samu yi ba.

Basharu ya tsinci kansa a sunkuye, kuncinsa kusa da itacen, tafin hannunsa na hagu a dafe da gefen benci, gwiwarsa a tokare da ƙafar inji. Da ƙarfin waɗannan biyun yake riƙe da kansa. Ya ɗan sassauta don ya gyara tsayuwa, nan take bel ya kama, itacen ya ƙara juyawa kamar faɗin yatsa, wuyan rigar ya shaƙe masa maƙogwaro. Ya sake tokarewa da sauri. A nan ya gane halin da yake ciki. In ya saki, injin zai gama abin da ya fara.

Ya yi kira. Shi kansa da ƙyar ya ji muryarsa a cikin rugugin injin. Igiyar gwangwani tana reto a damansa, hannu ba ya kai gare ta, in ma ya kai babu kowa a ɗakin. Wuƙarsa tana cikin akwati, taki ɗaya tak daga inda yake, yana ganin ƙotarta. Ba shi da hannun da zai ɗauka. Ya tuna da safe shi ya riƙe wa Lawali mazurari da aka cika tanki da mai. Injin zai iya kaiwa faɗuwar rana bai gaji ba.

Ya shiga lissafin lokaci. Yanzu liman bai ma hau mumbari ba. Ga huɗuba, ga salla, ga gaishe-gaishe a bakin masallaci. Lawali kuma ran Juma'a sai ya biya gidan yayarsa ya ci abinci. Kafintan da zai zo ɗaukar kaya sai motar hayar da zai biyo ta cika. Hassana ta san yana masallaci, ba za ta neme shi ba kafin la'asar.

Zufa ta gangaro masa cikin idanu, babu halin sharewa. Hannun dama ya daina zafi, ya koma wani nauyi kamar ba nasa ba, sai jini da ke ɗiga kan garin katako, ƙudaje suka fara taruwa. Warin ƙonewar bel ya cika rumfar. Ya yi fatan bel ɗin ya tsinke, sai ya tuna in ya tsinke ta kansa zai zabgo. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana yi yana ɓacewa, yana sake farowa. A tsakani wata kunya ta riƙa zuwa masa, wadda ta kusa fin tsoron. Za a zo a same shi cikin rigar Juma'a, bai je salla ba, shi da ke koya wa mutane doka. Za a kai labarin Gwandu, mahaifinsa ya ji.

Bai san iyakar lokacin da ya ɗauka a haka ba. Inuwa ce ya ga ta faɗo a bakin rumfa, ya juya ido ya ga ƙafafu da ƙasan zane baƙi. Inna Mairama ce, wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo nono kasuwa daga rugarsu, yakan sayi fura a wurinta. Ƙarar inji ta jiyo daga hanya, ta zaci yau ana niƙa da rana, ta biyo da ɗan geronta.

Ta sauke ƙwaryar kanta, ta yi salati, ta nufo shi da hannu a miƙe za ta ja rigar.

"Kada ki taɓa, Inna," ya faɗa da iyakar muryarsa. "Kada ki bi ta wajen bel. Zagayo ta nan."

Ba ta ji ba sai da ta kawo kunnenta kusa da bakinsa. Ya maimaita.

"Ɗana, in tafi in kira mutane?"

"Kowa na masallaci. Kafin ki dawo hannuna ya gaji. Ke za ki kashe shi."

"Ni? Ban taɓa shiga ɗakin can ba. A ƙofa nike miƙa gero. Tsoron abin nike ji."

"Na sani. Cire mayafinki ki aje ƙasa, ki ɗaure zanenki tamau, kada wani abu ya yi reto a jikinki. In kin shiga, ki bi bangon hagu, bayanki na jikin bango. Akwai tanki a sama, da ɗan famfo a ƙarƙashinsa. Ki murɗa famfon. Shi ke nan."

Ta dube shi, ta dubi jinin da ke ƙasa. Ta cire mayafin ta ninke, ta ɗaure zane, ta fita. Basharu ya rufe ido yana saurare. Ƙarar injin ba ta canza ba. Jim kaɗan ta dawo, ƙafafunta a jiƙe.

"Na murɗa, ruwa ne ya zubo."

Famfon durom ɗin da ke sanyaya injin ta buɗe.

"Wancan na ruwa ne, Inna. Bar shi. Ƙaramin nake nufi, na jan ƙarfe, mai warin mai. Yana sama, daidai kafaɗarki. Akwai siririn bututu a jikinsa."

"Kusa da abin da ke juyawa?"

"Kusa da shi. Ki miƙa hannu ta sama, kada ki sunkuya."

Ta sake fita. Wannan karon ta daɗe. Gwiwarsa ta zame kaɗan a kan garin katako, itacen ya ƙara ci, wuyan rigar ya nutse a fatarsa har numfashi ya koma fita da ƙyar. Ya ga rumfar ta fara yin duhu daga gefe. Sai ga ta ta dawo da gudu, hannunta baƙi da mai.

"Na murɗa shi har ya tsaya. Bai mutu ba."

"Zai mutu. Sai ya shanye na cikin bututu."

Ba shi da tabbacin ko ta murɗa daidai, bai dai faɗa mata ba. Ta lura da yadda hannunsa na hagu ke neman zamewa daga benci. Ba ta tambaye shi ba, ta zagaya bayansa, ta sa hannuwanta biyu ta rungumo ƙugunsa, ta kafa ƙafafu a ƙasa ta ja baya, kamar yadda ake riƙe maraƙi. Tsohuwa ce amma akwai ƙarfi a jikinta. Yana jin ta tana addu'a da Fulatanci a bayansa.

Injin ya yi tari, ya sake ɗauka, ya yi tari sau biyu. Kukan bel ya ragu. Sannan komai ya tsaya, shiru ya sauka a rumfar, har yana jin kukan kurciya a kan dalbejiyar bakin kasuwa.

"Wuƙa na cikin akwatin can," ya ce. "Yanke daga wuya tukuna."

Ta yanke wuyan rigar, iska ta shige shi. Ya nuna mata yadda za ta juya itacen baya a hankali, tana juyawa tana yanka yadin. Da hannun ya fito ya gan shi, sai ya faɗi, bai ƙara sanin inda yake ba.

A asibitin Birnin Kebbi ya farka, Lawali ne ya samo motar da ta kai shi. Ƙashi ya karye wuri uku, gwiwar hannun ta goce, naman ya yage. Aka ɗinke, aka ɗaure da filasta tun daga kafaɗa har yatsu. Kwana goma sha biyu ya yi. Ran da aka sallame shi wansa Siddiƙu yana bakin ƙofa da saƙon mahaifinsu: a taho da shi Gwandu, shi da iyalinsa.

Malam Tambari bai yi masa faɗa ba. Ya dubi hannun, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sa aka share masa ɗakinsa na da. Basharu ya so a ce faɗan aka yi. Sai bayan kwana uku, da suka rage su biyu a zaure, tsohon ya yi magana ba tare da ya ɗago daga turmin da yake fafewa ba.

"Muddin ina numfashi, ba ka komawa ga wanga inji."

"To, Baba," in ji Basharu.

Damina ta sauka ta same shi a zauren nan. Da safe kowa ya ɗauki fartanya ya nufi gona, shi yana zaune. Da yamma mahaifinsa da Siddiƙu su zauna da gizago, shi yana kallo. Masu zuwa dubiya daga cikin gari da Malisa da Dodoru kowa sai ya nemi a ba shi labarin daga farko, kowa kuma sai ya tambayi abin da ya sa bai cire rigar ba. Ya ba da amsar har ya gaji, ya koma cewa tsautsayi ne kawai. In ya kwanta ƙailula sai ya ji wuyansa a shaƙe, ya tashi yana laluben maƙogwaro. Ya daina sa riga mai ƙaramin wuya.

Ya taɓa yi wa Hassana zancen Kalgo, ko za ta goyi bayansa. Tana tsefe wa Jummai kai, ba ta dube shi ba.

"Baban Jummai, ni aka kawo wa rigar nan a yayyanke. Ni na wanke jinin. In Baba ya ce ka zauna, ni ban ga laifin maganarsa ba."

Bai sake tayar da zancen ba.

Da aka cire filasta hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari. Gwiwar ba ta miƙewa sosai, wuyan hannun ba ya juyawa, yatsu biyu na ƙarshe ba sa jin taɓi. Aka yi ta gashi da ruwan zafi da man shanu. Naman ya dawo kaɗan, amma lanƙwasar ta zauna. Ya gwada fartanya, kunya ɗaya bai kai ƙarshenta ba. Lawali ya zo dubiya sau biyu, ya ce ya rufe injin da buhuna, kafintoci suna ta zuwa suna komawa. Yana magana yana kallon ƙasa, kamar shi ya yi laifin tafiya masallaci.

Bayan an yi girbin gero Malam Tambari ya ajiye masa guntun itace a gaba, ya miƙa masa gizago.

"Fara da akushi. Hannu ba ya dawowa da zama."

Basharu ya karɓa. Sara na farko ya tafi a karkace. Na biyu ya ɗan ci. A na biyar gizagon ya suɓuce daga yatsunsa, ya tashi ya daki bango, tazarar tafin hannu daga kan Siddiƙu. Siddiƙu ya ɗauko ya mayar masa, ya matsa can gefe. Kwana bakwai yana gwadawa, ya koma hannun hagu, ya ɗaure ƙotar da igiya a wuyan hannunsa, duk bai yi ba. Sara aiki ne na wuyan hannu, shi kuwa nasa ya ƙage. Itacen da ya ɓata ya isa a dafa tuwon gidan kwana biyu.

Ran kwana na takwas tsohon ya ajiye aikinsa ya ce ya matso. Ya kama hannun, ya lanƙwasa, ya miƙar har inda ya tsaya, ya sa masa ƙotar gizago a tafi ya ce ya damƙe. Ya ja, bai iya ƙwacewa ba.

"Riƙo kana da shi," in ji shi. "Sara ne babu." Ya ɗago ya dube shi. "Aikin naka na inji, sara ake ko riƙo?"

"Riƙo ne, Baba. Itacen ke zuwa ga ƙarfe, kai dai ka tsaya daidai."

Malam Tambari ya saki hannun ya koma ga turminsa. Aka yi mako guda a haka. Basharu yana ganin sa wani lokaci ya dakata da aiki yana kallon Jummai tana wasa a ƙofar gida, ga Hassana kuma da ciki ya fara fitowa. Wata safiyar Litinin ya fito da sandarsa da rigar fita, ya ce su tafi Kalgo ya ga abin da idonsa.

Lawali ya yaye buhunan. Tsohon ya zagaya injin sau biyu, ya taɓa bel, ya leƙa ramin bangon. Ya ce Lawali ya shiga ɗakin ya tsaya inda ya saba tsayawa, shi kuma ya tsaya gaban injin murza itacen.

"Kana gani na?" ya tambaya.

"A'a, Baba," in ji Lawali daga ciki.

"Shekara uku kuna aiki haka, ɗayanku bai ganin ɗaya?"

Tsohon ya nuna bangon da sandarsa.

"Ku rushe wanga bango zuwa ƙugu. Hannun tayarwa kuma ya zauna wurinka, Lawali, in za ka fita ka tafi da shi. Ko kuka zai yi maka kada ka bar masa." Ya juya ga ɗansa. "Na janye maganata, don ba ni da wata sana'ar da zan ba ka. Ba don na so ba."

Kwana huɗu aka yi ana gyara. Aka rushe rabin bangon, aka yi wa bel akwatin katako ya rufe shi. Basharu ya sa maƙeri ya ƙara wani wili na banza a gefen na farko, da sanda mai baki biyu daidai gwiwarsa, in ya tura ta bel ya koma kan wilin banza, itace ya tsaya ko da inji yana tafiya. Inna Mairama ta biyo da nononta ana cikin aikin. Basharu ya fito ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta turmin zane da goro da mahaifinsa ya aiko. Ta karɓa ta sa albarka, ta tambayi hannu, amma ta ƙi shiga rumfar. A ƙarƙashin dalbejiya ta dama masa fura.

Duk watannin nan a zauren Gwandu, Basharu yana zaton abin da yake so shi ne ya dawo. Sai ran da aka gama gyara, ya tsaya gaban injin da singileti, Lawali ya murɗa hannun tayarwa, ƙarar ta cika rumfar, ya ja da baya taki ɗaya. Ya gane ba ya son ganin abin nan ko kaɗan. Gona ta ƙi shi, gizago ya ƙi shi, ga mata da ciki, babu inda za shi sai nan.

Ya duba itacen, ya juya shi da hannu, ya ja sandar da gwiwa, itacen ya ɗauki gudu. Ya kawo kurfi kusa, kafin ya taɓa sai ya ture sandar, ya tsaya yana haki. Lawali yana kallonsa ta saman bangon.

"In kashe?"

"Bar shi."

Sau uku yana yin haka. A na huɗu ya kafa gwiwar hannunsa mai lanƙwasa a jikin haƙarƙarinsa, ya ɗora kurfin, ɓawon maɗaci ya fara zuba a kan ƙafafunsa. Hannun ya riƙe. Da, kafin azahar yakan fitar da ƙafa takwas. Ran nan har aka kira la'asar ƙafa ɗaya ya gama, ita ma wuyanta ya ɗan fi kauri. Ya ɗaga wa Lawali hannu ya kashe inji, suka yi alwala a bakin durom, suka tafi salla tare.